Gashin da Ya Kwanta Luf: Yadda Ake Tayar da Shi Ya Cika

Gashin da bai taɓa ganin rilaksa ba, mai ƙananan murɗe-murɗe, da wuya ya kwanta. Shi damuwarsa bushewa ce da ƙanƙancewa bayan wanki. Masu kukan gashi ya manne da kai ya yi laƙwas yawanci kashi uku ne: wadda ta daɗe tana sa rilaksa, da wadda aka haifa da gashi mai santsi da siraran sili, irin wanda ake yawan gani a gidajen Fulani da Shuwa da Buzaye, da kuma wadda take lafta mai kullum sannan ta danne kai da hula da ɗankwali tun safe har dare. Sau da yawa mace ɗaya ce ta haɗa biyu a cikin ukun. Abin da kusan kowa ke yi da ta ga haka shi ne ta ƙara mai, alhali man ne yake daɗa kwantar da shi.

Cikar gashi daga tushe take tashi, wato santimita 2 zuwa 3 na farko daga fatar kai. Idan wannan ɗan wurin ya yi nauyi da maiƙo, ko ya bushe a kwance, duk wahalar da za ki sha a kan jelar ba za ta tsinana komai ba. A sauke wa tushe nauyi, a busar da shi a tsaye: sauran dabarun duka a kan wannan suke hawa.

Kwanciya ce ko raguwa?

Kafin ki kashe ko sisi, ki tantance abu uku, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki ciri sili ɗaya daga mataji ki ajiye kusa da zaren ɗinki a kan farar takarda. In ya fi zaren siranta nesa ba kusa ba, kuma in kin murza shi tsakanin yatsu da ƙyar kike jin sa, gashinki siriri ne, haka kuma aka halicce shi. Babu man da zai faɗaɗa ramin da yake fitowa. Abin da ake iya yi shi ne a lulluɓe silin da abin da zai ƙara masa jiki. Sai yawa: ki tufke busasshen gashin gaba ɗaya a ƙeya, ki zagaye tufkar da tef ɗin tela. Ƙasa da santimita 5 gashi ne marar yawa, 5 zuwa 10 matsakaici, sama da 10 mai yawa. Mace na iya zama da siraran sili amma masu yawan gaske, kuma irin wannan kai shi ya fi saurin karɓar gyara. Na uku, ki dubi tsagarki da gefen goshi a madubi. In tsagar tana ƙara faɗi wata bayan wata, ko goshi yana ja da baya, wannan zubewa ce, bayaninta na can ƙasa.

Wanki

Yawancin gashin da ya kwanta, abin da ya taru a kansa ne ya kwantar da shi, ko da mai shi tana wanke kai a kai a kai. Fatar kai na fitar da nata maiƙon kullum. A gashi mai murɗe, maiƙon da ƙyar yake gangarowa, shi ya sa yake bushewa. A miƙaƙƙen gashi kuwa, cikin kwana biyu zuwa uku ya bi silin ya manne su wuri ɗaya. Ki ɗora basilin ko man kitso mai kauri a kan haka, ga jel, ga zufa, ga ƙurar hanya. Basilin ba ya narkewa a ruwa, haka ma yawancin silikon da ke cikin mayukan sa ƙyalli, waɗanda za ki gane su a bayan kwalba da sunayen da suke ƙarewa da "cone". Shamfu mai sauƙi ba ya fitar da su duka, kowane wanki sai ya bar saura.

Don haka sau ɗaya a mako 3 ko 4 ki yi wankin tas da shamfu mai ƙarfi, wanda aka rubuta "clarifying" a jikinsa. Sauran wanke-wanken ki yi su da shamfu mai sauƙi, gara wanda yake garai-garai ana hango bayan kwalbar ta cikinsa, domin mai kauri fari kamar madara yawanci an cika shi da mai da silikon. Gashi mai santsi na halitta yana son wanki sau 2 ko 3 a mako. Mai rilaksa kowane kwana 5 zuwa 7.

Yadda ake wankin ya fi sunan shamfun muhimmanci. Ki jiƙa kai da ruwa mai ɗumi na minti ɗaya cur. Ki zuba shamfu cokalin shayi 1 zuwa 2 a tafin hannu, ki surka da ɗan ruwa, ki shafa a fatar kai kawai. Kumfar da za ta gangaro ta ishi jelar. Ki cuɗa da kan yatsu, ban da farce, na minti 2, kada ki manta da ƙeya da bayan kunne. Ki ɗauraye ki maimaita. Wankin farko ba ya kumfa sosai saboda maiƙo yana kashe ta. In na biyu ya yi kumfa, kan ya fita. Ɗauraya kuma ta fi cuɗa daɗewa. Ragowar shamfu a tushe tana kwantar da gashi tamkar maiƙon da aka wanke.

Akwai wadda take yin duk wannan amma gashin ya fito da danƙo-danƙo, ba ƙyalli. A nan a tuhumi ruwan. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da nauyin ma'adanai. Alamarsa sabulu ba ya kumfa da sauri, kuma farin abu yana daskarewa a cikin butar dafa ruwa. In irin wannan ruwa ya haɗu da sabulun wanka ko sabulun salo, sai ya bar wata dauɗa mai maƙalewa a sili. Maganinta ruwan khal na tuffa, cokalin cin abinci 2 a rabin litar ruwa, a kwara bayan shamfu, a bari minti 2, a ɗauraye. In babu, ruwan rabin lemun tsami da aka tace zai yi. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, kuma ban da ranar da fatar kai ke da ƙuna ko ƙuraje. Ɗaurayar ƙarshe da ruwan sama ko ruwan leda biyu zuwa uku ma tana taimakawa ƙwarai.

Karkashi, wanda a Chadi suke kira ambunu, yana warware gashi ba tare da ya bar maiƙo ba, shi ya sa ya dace da siririn gashi. Cokali 3 na busasshe a kofi 2 na ruwan zafi, a bari minti 15 ya saki yauƙi, a tace. Kada a sa masa kanwa kamar na miya. Kanwa tana buɗe ɓawon sili ta bar shi da kaushi. Garin ganyen magarya cokali 3 a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kaɗa har ya yi kumfa, a shafa a bari minti 10 zuwa 15, yana wanke kai ya bar gashi da ɗan jiki. Sai dai duk su biyun ba sa iya fitar da basilin, don haka ba za su maye gurbin wankin tas ba.

Kwandishana da mai: daga kunne zuwa ƙasa

Kwandishana ba ta da aiki a tushe. Gashin da ke kusa da fata sabo ne, bai sha wahala ba, ga maiƙon kai yana ciyar da shi. Ki matse ruwan gashin, ki shafa cokalin shayi ɗaya daga saitin kunne zuwa ƙarshen jela in gashin ya kai kafaɗa, ki taje da mataji mai manyan haƙora, bayan minti 3 ki ɗauraye kina sunkuye don kada ta bi ta kan fata. Sitimin ma haka, sau ɗaya a mako biyu, a jela kawai.

In ba za ki iya rabuwa da mai ba, ki juya tsarin: mai kafin wanki. Man kwakwa cokali ɗaya a jela, minti 30, sannan shamfu. Man kwakwa yana shiga cikin sili ya rage abin da gashi ke asara lokacin wanki, shamfu kuma ya kwashe na waje, kin samu amfanin ba ki ɗauki nauyin ba. Bayan wanki, ɗigo 2 zuwa 4 na mai marar nauyi irin argan ko jojoba, a murza a tafin hannu har ya ɓace, a shafa a ƙarshen jela. Ɗigo muka ce. Man shanu, man kaɗanya, alayyadi da man zurma duk mayuka ne masu kyau, amma na kan da yake cikin kitso ne ko gashi mai kauri da bushewa. Haka garin cebe na matan Chadi: ana kwaɓa shi da mai a lafta a jela a kitse don kada ta karye, tsawo yake tsarewa. Wadda take son gashinta ya tashi a sake, cebe ba nata ba ne a wannan makon.

Busarwa, inda aikin yake

Gashi yana da wasu ɗaure-ɗaure na wucin gadi a cikin sili, waɗanda ruwa da zafi suke kwancewa, su sake ɗaurewa idan ya bushe ya huce. Tamkar guga ne: a yayyafa wa shadda ruwa, a ɗora zafi, karin da ta huce a kansa shi take riƙewa har sai ta sake jiƙa. Duk yadda tushe ya bushe, haka zai zauna. In ya bushe a manne ƙarƙashin tawul ko hula, a manne zai kwana ya wuni.

Ki matse ruwan da tawul mai laushi ko tsohuwar rigar auduga, ban da gurzawa, kuma kada naɗin tawul ya wuce minti 10. Ki tatsi mus, wato kumfar gyaran gashi, gwargwadon girman ƙwai ɗaya ga gashin kafaɗa, rabin haka ga gajere. Ki tsaga kai gida 4 ko 5 ki shafa a tushe da yatsu, abin da ya rage a hannu ki bi jela da shi. In za ki sa zafi, ki fesa abin kare zafi a jelar.

Da dirayar hannu, ki fara a sunkuye, gashin yana reto. Zafi matsakaici, diraya nesa da kai kamar santimita 15, hannu ɗaya yana ɗaga tushe yana girgizawa. Ki ci gaba har ya kusa bushewa, saura ɗan sanyi-sanyi. Sannan ki ɗago, ki ɗauki gashin kashi-kashi, kowane kashi kada ya fi faɗin burushinki. Ki sa zagayayyen burushi a ƙarƙashin tushe, ki ja kashin sama tsaye, har ma ki ɗan wuce da shi ɓangaren da ba nan zai kwanta ba. Iskar ta bi daga tushe zuwa jela, domin ɓawon sili yana jere ne yana kallon jela. In kin hura ta baya sai ya tashi ya yi buzu-buzu. Daƙiƙa 5 zuwa 8 na zafi a tushen, sannan ki danna maɓallin iska mai sanyi na daƙiƙa 10 kafin ki saki. Mutane da yawa ba su san amfanin wannan maɓalli ba, kuma shi ne yake kafa tashin. Ba dole ki bi kai gaba ɗaya haka ba. Kashi uku daga goshi zuwa tsakar ka, da ɗaya a kowane gefe, su ido yake gani. Kuma ki busar da gashin yana kallon kishiyar inda tsagarki take, sai a ƙarshe ki mayar da shi.

In ya tashi da kyau amma kafin awa ɗaya ya faɗi, bai gama bushewa ba. Gashi mai zafi yana ruɗi, a ji kamar ya bushe. Ki jira minti 2 ki sa yatsu a tushe: in akwai sanyi, akwai sauran ruwa. In ya yi danƙo ko ƙanƙam, mus ya yi yawa. In ya yi kaushi yana warin ƙuna, diraya ta matso kusa ko ta daɗe a wuri ɗaya.

Ga mai rilaksa, rola ta fi burushi, domin ba a ja da murza jiƙaƙƙen gashin da ya riga ya yi rauni. Rola mai faɗin santimita 3 zuwa 4 ga gashin kafaɗa. Ƙarama tana ba da murɗa ce fiye da cika. Kashin da za a naɗa kada ya fi tsawon rolar, kada kuma ya fi ta kauri. A taje shi sama a ɗan karkato da shi gaba kafin a naɗe, yadda rolar za ta zauna daidai kan inda aka ɗebo kashin. In ta zauna a bayansa tana reto, tushen a kwance zai bushe. Minti 45 zuwa 60 a ƙarƙashin babbar diraya, sannan minti 10 zuwa 15 a waje ya huce kafin a cire. Abin takaicin da ake yawan gani a shagunan gyaran gashi shi ne, bayan an sha wannan zaman, sai a naɗe gashin a jikin kai, ko a bi shi da ƙarfen miƙarwa tun daga tushe, a kashe abin da aka gina. Ki faɗa wa mai gyaran tun kafin ta fara cewa a sake kike son sa. In dole sai an sa ƙarfe, zafin kada ya wuce digiri 150 zuwa 170, bi ɗaya tak, a fara santimita 3 nesa da fata, kuma gashin ya bushe ƙarau. Ƙarfe a kan gashi mai laima yana tafasa ruwan da ke cikin sili ya fasa shi.

Rashin wuta ba ya hana komai. Ki bari gashin ya sha iska har ya daina ɗiga, ki shafa mus, ki yi kalaba 6 zuwa 8, ki fara kowace sako-sako, kamar santimita ɗaya zuwa biyu daga fata. Ko ki murɗa kowane kashi ki naɗe shi ya zama ƙulli a kan tushensa. Da safe, in ya bushe sarai, ki warware da yatsu. Kada ki taje. Ki soka mataji mai dogayen haƙora a tushe ki ɗaga santimita 2 zuwa 3 ki zare, ki zagaye kai da haka. Da damina gashi ba ya bushewa a dare ɗaya, gara ki kitse tun la'asar ki zauna gaban fanka. Wata hanya mai sauƙi: ƙananan maƙalan gashi 6 zuwa 8, ki ɗaga tushe a gefen tsaga da tsakar ka ki maƙale shi a tsaye, ki bari ya bushe da kansa. Mai siririn gashi da ba rilaksa kuma, kitson zare na dare ɗaya yana miƙar da shi ya nuna yawansa ba tare da zafi ba, muddin ba a ɗaure tushen tamau ba.

Rilaksa

Rilaksa ɗaurin dindindin take karyawa, kuma abin da ta miƙar ba ya komawa. Gashin da aka bari ya miƙe sambal ya rasa murɗar da take sa sili ya tokare ɗan'uwansa, shi ya sa yake faɗuwa. Ba a gyara wanda ya riga ya wuce, sai dai a kiyaye na gaba. A bar mako 8 zuwa 12 tsakanin sawa da sawa; gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, kin ga za a samu sabon tofo na santimita 2 zuwa 3 da za a iya bambancewa. A kan sabon kawai ake shafawa, tsohon a rufe shi da basilin ko kwandishana, kuma nan ne basilin yake da rana. Siririn gashi ba ya buƙatar mai ƙarfi, a ɗauki mai sauƙi, kada a wuce lokacin da ke jikin kwali. Zancen a daure sai ya yi zafi kafin ya ci kuskure ne; zafin nan fata ce take ƙonewa. Gara ma a wanke tun da sauran ɗan lanƙwasa a silin, kada a bi shi da ƙaramin mataji ana dannewa. Wannan ɗan saura shi zai riƙe miki kai ya cika. A wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin rilaksar sau 2 ko 3. Da yawansu kumfarsu tana yin ruwan hoda har sai ta fita duka. Irin rilaksar da ake haɗa abu biyu kafin a shafa tana barin ma'adanin kalsiyam a sili, ya yi tauri ya dushe, don haka mai amfani da ita ta riƙe ɗaurayar khal bayan fatar ta huta. Wadda gashinta mai santsi ne tun asali kuwa, ba ta da abin nema a wajen rilaksa.

Ƙara wa sili jiki

Lalle shi ne abu mafi araha da yake ƙara wa siririn sili kauri na gaske, domin launinsa yana kama jikin gashi ya lulluɓe shi. Giram 100 na jan lalle zalla ya ishi gashin kafaɗa. A tankaɗe da rariya mai laushi, a kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi kauri yadda ba zai ɗiga ba, a rufe awa 6 zuwa 8. A shafa a wankakken kai marar mai, a rufe da leda, awa ɗaya zuwa biyu, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bi jela da kwandishana domin lalle yana busarwa. Kowane mako 6 zuwa 8 ya isa, kuma bayan sau biyu ko uku a koma sabon tofo kawai. In ya taru yana sa nauyi da tauri. Ki sani baƙin gashi zai riƙa ɗaukar ja-ja a rana, furfura kuma ta koma ruwan goro, kuma ba ya wankuwa. A bar aƙalla mako 2 tsakaninsa da rilaksa. Baƙin lalle da dayis masu wani sinadarin rini da ake kira PPD suna iya kumbura fata su tayar da ƙuraje, wasu haɗe-haɗen kwali kuma suna da gishirin ƙarfe da ke faɗa da rilaksa. Ki fara gwadawa a kan gashin da ya zuba a mataji. Kada a sa wa jarirai da ƙananan yara lalle, domin yana fasa jinin masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini.

Furotin kuma, wato sinadarin gina jiki da ake shafa wa gashi, na gashin da ya yi laushin da ya wuce kima ne. Ki ja jiƙaƙƙen sili a hankali: in ya miƙe bai dawo ba, yana son furotin, sau ɗaya a mako 4 zuwa 6. In ya karye nan take ba tare da ya miƙe ba, furotin ya yi yawa, laushi yake nema. Na kanti da aka farfasa ƙwayoyinsa ya fi kama sili. Ƙwai ɗaya da cokali 2 na kindirmo na minti 20 yana ba da jiki zuwa wanki na gaba kawai, kuma da ruwan sanyi ake wanke shi, in ba haka ba ya dahu a kai.

Almakashi da tsaga

Jelar da ta sirance ta tsattsage tana sa kai gaba ɗaya ya yi kamar babu gashi. A datse santimita ɗaya kowane mako 8 zuwa 12, a yanke bakin a daidaita shi layi ɗaya. Siririn gashi ya fi cika a tsawon haɓa zuwa kafaɗa. Da ya wuce nan, nauyinsa yake janyo tushe ƙasa. Mun san rage tsawo ba abu ne mai daɗin ji ba, amma santimita 5 na matacciyar jela ba ado ba ne. Kada a yarda a sa almakashin rage yawa.

Tsagar da ta shekara a wuri ɗaya ta koya wa gashi kwanciya. Ki matsar da ita ɗaya gefen, ko ki yi ta a karkace da kibiya, nan take za ki ga bambanci. Ranar biki ana iya taje ƙasan kashi baya-baya zuwa tushe, sau uku kawai, a rufe da na sama. A warware shi daga jela a hankali kafin barci, kuma kada ya zama na kullum ga mai rilaksa. In maiƙo ya taso ana saura kwana ɗaya wanki, rabin cokalin shayi na garin sitacin masara da ɗan garin koko don kada ya yi fari, a barbaɗa a tsaga, a bari minti 3, a kakkaɓe. Kada a yi haka fiye da kwana biyu a jere.

Ƙarƙashin ɗankwali da hijabi

Kada a rufe kai da laima, ko kaɗan. Ban da kwantar da gashi, ɗumi da danshi da maiƙo su ne abincin amosani. Bayan shafar kai a alwala, minti ɗaya ko biyu na shan iska kafin a mayar da hula yana hana gaban goshi mannewa. Hular ciki ta zama marar matsi, mai santsi ko auduga marar nauyi, a kuma wanke ta duk kwana biyu zuwa uku, domin tana mayar wa wankakken kai maiƙon jiya. Kafin ki rufe, ki tattara gashin sama sako-sako da ribom mai laushi, yadda tushe zai wuni yana kallon sama. In kin cire da yamma, ki sunkuya ki girgiza da yatsu na rabin minti. Da dare ma haka, tufka sako-sako a tsakar ka irin ta shuku, da ɗankwali mai santsi. Acuci da ƙarin gashi ba mu sa su a lissafi ba: ban da hukuncinsu da kowa ya san malamai sun yi magana a kai, nauyinsu a kan siririn tushe yake rataya, ƙarshenta su cinye goshi.

Da hunturu gashi yana bushewa ya riƙa bin mataji yana tashi. Ɗigon mai a jela ya isa, kada tsoron bushewa ya mayar da ke lafta wa fata basilin. In amosani ya riga ya kama, shamfu mai ketokonazol sau 2 a mako na mako 2 zuwa 4, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin ɗauraya.

Idan zubewa ce

Kai yana ɗauke da sili wajen 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda ta yi mako uku da kitso za ta ga na kwanakin duka a tare ranar tsifa, kada ta tsorata. Zubewar bayan haihuwa tana farawa wata 2 zuwa 4 da sauka, yawanci kuma ta daidaita kafin yaro ya shekara. Zazzaɓi mai tsanani, tiyata, ko ramewa farat ɗaya suna jawo irin haka bayan wata 2 zuwa 3. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, musamman ga mai yawan zubar jinin al'ada, da matsalar maƙoƙo, duk gwajin jini ne yake nuna su. Hanta, nama, kifi, ƙwai, wake da zogale suna taimakawa, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci domin yana hana jiki ɗaukar ƙarfen.

Goshin da kitso ya ci yana dawowa in an sassauta da wuri. In an shekara da shekaru ana ja, ramukan suna mutuwa. Kitson da ya tayar da ƙananan ƙuraje a goshi ko ya hana ki barci, a tsefe shi a ranar. Raguwar da ta fara daga tsakar ka tana faɗaɗa, da ƙaiƙayi ko zafi ko fata mai sheƙi, tana son likitan fata da gaggawa, domin akwai irin da ke barin tabo. Minoksidil, maganin da ake shafawa a fatar kai, na kashi 2 ko 5 cikin ɗari yana aiki ga wasu nau'o'in zubewa, amma sai bayan wata 3 zuwa 6, yakan ƙara zubewa a makonnin farko, in an daina kuma zubewar ta dawo. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Ƙwayoyin bayotin, wani nau'in bitamin, ba sa ƙara komai ga wadda ba ta da ƙarancinsa, kuma suna iya rikita sakamakon gwajin maƙoƙo, don haka in kina sha ki faɗa kafin a ɗebi jini. Ki riƙa ɗaukar hoton tsagarki da goshinki sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki tafi wa likita da su.